Hanyoyin Maganin Damuwa Ta Tattaunawa Sun Bambanta, A Daina Yi Musu Kuɗin Goro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan muhawarar da ake ta yi game da maganin damuwa ta hanyar tattaunawa. Ina rubuto wannan wasiƙa daga Gadarif a gabashin Sudan, inda nake cikin masu aikin sa kai da ke kula da 'yan gudun hijira, kuma ilimin halayyar ɗan Adam na karanta a jami'a. Abin da ya dame ni shi ne yadda masu yabo da masu suka duka suke magana kamar wannan magani abu ɗaya ne dunƙule. Masu suka sun ce al'adar Turawa ce wadda ba ta da gurbi a wurin mai imani, masu yabo kuma sun ce duk wanda abu ya dama a zaunar da shi ya amayar da abin da ke cikinsa, shi ke nan ya warke. Alhali hanyoyin suna da yawa, masu su sun shafe shekaru suna sa-in-sa a junansu, kuma wadda ta dace da wani ciwon tana iya zama ɓata lokaci, ko ma cutarwa, ga wani ciwon.

Maganar ta shafi Hausawan Sudan kai tsaye. Rikicin jihar Nilul Azrak da ya ɓarke a watan Yulin 2022, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba, ya raba dubban mutanenmu da gidajensu. Kafin su farfaɗo sai ga yaƙin da ya fara a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, Madani ta faɗi a Disambar shekarar, Sinja ta bi bayanta a ƙarshen Yunin 2024. Akwai iyalan da suka yi gudu sau biyu, wasu sau uku, kafin su sami ajin makaranta a Gadarif ko Kasala su shimfiɗa tabarma. Abinci da ruwan sha su ne kan gaba, babu mai musun wannan. To amma duk wanda ya taɓa kwana a irin waɗannan wurare ya san mutanen da barci ya ƙaurace musu, da matan da ke zabura su kwanta ƙasa idan raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta yi ƙara a bakin titi, da magidantan da suka daina yi wa kowa magana. Likitocin ƙwaƙwalwa tun kafin yaƙin ba su da yawa a ƙasar nan, kuma a lokacin akasarinsu a Khartum suke zaune. Saboda haka tambayar wace hanya ce ta fi dacewa, a wurinmu tambaya ce ta yadda za a yi da ɗan abin da ke hannu.

Hanyar da masu suka suka fi sani, kuma ita suke jifa, ita ce ta Sigmun Furoid, likitan birnin Biyana da ya rasu a Landan a 1939. A ganinsa damuwar babba tana da saiwa a abubuwan da suka faru da shi tun yana yaro, waɗanda ya binne har ya manta, don haka mara lafiya yakan kwanta ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa, har da mafarkansa, sau da yawa a mako, shekara da shekaru, likita yana saurare yana fassarawa. Furoid ya ɗauki addini a matsayin ruɗu, ya kuma rubuta haka ƙarara a 1927, don haka wanda ya ƙi shi saboda wannan yana da hujja. Ina ganin ya bar abu ɗaya mai amfani, wato lura da cewa mutum yakan maimaita irin dangantakar da ya tashi a cikinta ba tare da ya farga ba. Sai dai hanyarsa tana buƙatar kuɗi da lokaci da ɗaki mai ƙofa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a hannun matar da ke kwana da 'ya'ya biyar a ajin firamare.

Aron Bek, likita a jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, a kan hanyar Furoid aka horar da shi. Ya shiga bincike ne da niyyar tabbatar da ra'ayin da ke cewa ciwon damuwa fushi ne da mutum ya juya wa kansa, sai abin da ya tarar a wurin marasa lafiyarsa ya saɓa wa haka: tunani ne na hasara da gazawa, wanda ke faɗo musu a rai da sauri, su kuma karɓe shi kamar gaskiya ba tare da sun tuhume shi ba. Daga nan, cikin shekarun 1960, ya gina hanyar da ake kira gyaran tunani da ɗabi'a. Ba ta cika tonon yarinta ba, abin da ke gaban mutum yau take kallo, zamanta kan kai 12 zuwa 20, kuma akan ba mutum aikin da zai yi tsakanin zama da zama.

Bari in nuna yadda take aiki, ba tare da na faɗi abin da zai sa a gane mai labarin ba. Wata dattijuwa ce ɗanta ya rasu a hanya lokacin da suke gudu. Kowa ya yi mata ta'aziyya, kowa ya ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo, ƙaddara ce," ita ma ta amsa da cewa ta yi imani da ƙaddara, amma ta daina cin abinci sai an matsa mata. Da muka saba, sai ta ce da ni, "Ni na kashe shi, 'yata, domin ni na ce mu bi ta wannan hanya." Ban ce mata ba haka ba ne, don an riga an faɗa mata ba ta ji ba. Na tambaye ta abin da ta sani game da hanyar a safiyar da ta zaɓe ta, ta ce an tabbatar musu ita ce mai lafiya, kuma rabin unguwarsu ita suka bi. Na ce, "Gwaggo, da ƙanwarki ce ta zaɓi hanyar, ɗanta ya rasu, za ki ce mata ita ta kashe shi?" Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "A'uzu billahi, yaya zan faɗa mata wannan magana?" Ba ta warke ran nan ba, baƙin cikin rashin ɗa kuma ba ciwo ba ne da za a ce a warkar. Abin da ya fara sassautawa shi ne laifin da ta ɗora wa kanta, kuma ita ce ta sassauta shi da bakinta.

Wanda ya ce wannan baƙon abu ne ga Musulmi, ina roƙonsa ya nemi labarin Abu Zaid al-Balkhi, almajirin masanin falsafa al-Kindi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya raba baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar maganin likita. Ya kuma shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane a lokacin da hankalinsa ke kwance, kamar yadda ake ajiye magani a gida domin ranar da ciwo zai zo ba shiri. Wanda ya fito da wannan littafi ga masana na zamani ɗan ƙasar nan ne, Farfesa Malik Badri, haifaffen Rufa'a a 1932, ɗan Shaihu Babikir Badri da ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko a garin. Tun 1979 Malik Badri ya gargaɗi masanan Musulmi da su daina haɗiye ra'ayin Furoid ba tauna, amma bai taɓa cewa a watsar da ilimin gaba ɗaya ba. Ya zaɓi abin da bincike ya tabbatar, ya yi aiki da shi har ya rasu a 2021.

Hanya ta uku ta Karl Rojas ce, shi ma Ba'amurke, wanda ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wurinsa aikin mai ba da magani shi ne ya saurara da zuciya ɗaya, ya karɓi mutum yadda yake ba tare da yanke masa hukunci ba, kuma kada ya yi masa fuska biyu. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato, musamman a cikinmu, inda mutum bai gama faɗin matsalarsa ba an tare shi da nasiha. Sau da yawa nakan ga ɗan sa kai mai kyakkyawar niyya ya katse mai kuka da "ai wasu sun fi ki shiga uku", yana ganin ya taimaka, alhali ya rufe mata baki ke nan.

Wace ce ta fi a cikinsu? A 1952 Hans Aizenk, masani a Landan, ya tayar da ƙura da ya ce kusan kashi biyu cikin uku na masu irin wannan damuwa suna samun sauƙi cikin shekara biyu ko an yi musu magani ko ba a yi ba. Amsa mai ƙarfi ta zo a 1977, lokacin da wasu masana biyu a Amurka suka tattara bincike 375 suka auna, suka ga cewa matsakaicin wanda aka yi wa magani ya fi kashi 75 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi, kuma bambancin da ke tsakanin hanyoyin kansu ƙanƙane ne. Daga nan wasu suka tsaya a kan cewa amanar da ke tsakanin mai magani da mara lafiya, da fatan da aka cusa masa, da bayanin da ya gamsar da shi, su ne ke yin mafi yawan aikin, sunan hanyar kuwa ado ne.

Na yarda da rabin wannan magana. Babu hanyar da ke aiki idan babu amana, na ga haka da idona. Amma cewa duk hanyoyin ɗaya ne ga kowane ciwo, wannan ban yarda da shi ba, kuma hujjata daga 'yan Sudan ta fito. A 2004 aka wallafa wani bincike da masana daga Jamus suka yi da 'yan gudun hijirar Sudan 43 a sansanin Imbefi da ke arewacin Yuganda, dukkansu masu fama da firgicin abin da suka gani a yaƙi. An raba su uku: wasu aka yi musu bayanin ciwon kawai, wasu aka zauna da su ana saurare da lallashi, wasu kuma aka bi da su hanyar ba da labarin rayuwa daki-daki a zama huɗu. Bayan shekara guda, kashi 29 cikin ɗari na 'yan rukuni na uku ne kaɗai ciwon bai sake su ba, a sauran rukunin biyu kuwa kusan kashi 80 suna nan yadda suke. Mutum 43 ba su da yawa, don haka ba a gina gari a kan wannan bincike shi kaɗai, sai dai darasinsa ya yi daidai da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2013, cewa firgicin da ya zauna wa mutum yana buƙatar maganin da ke fuskantar abin da ya faru kai tsaye.

Na ga ana yin wannan hanya ta ba da labarin rayuwa, kuma ta cancanci a bayyana ta. Akan shimfiɗa igiya a ƙasa, bakinta ɗaya ranar haihuwar mutum ce, ɗaya bakin kuma a bar shi a naɗe domin kwanakin da ba su zo ba. Sai mutum ya bi igiyar yana ajiye fure a kan kowane abin farin ciki, dutse kuma a kan kowane abin tashin hankali. Inda babu fure, busasshen zoɓo ya wadatar. Wani magidanci ya ajiye zoɓo a ranar da ya sauke Alƙur'ani, da ranar aurensa, da shekarar da riɗinsa ya yi albarka, sannan ya ɗauki dutse ya riƙe a hannu ya kasa ajiyewa. A zaman da suka biyo baya aka bi kowane dutse a hankali: wace rana ce, wane lokaci, wa ke kusa da kai, me ka ji a jikinka, sannan me ya biyo baya. Hikimar ita ce, tunanin firgici yakan zo wa mutum gutsi-gutsi, ƙara ko wari ko fuska, babu kwanan wata a jikinsa, shi ya sa jiki ke ɗaukarsa kamar yanzu abin ke faruwa. Idan aka mayar da shi gurbinsa a cikin labarin rayuwa, mai farko da ƙarshe, sai ya koma abin da ya wuce, ko da yake zafinsa bai gushe duka ba.

A nan ne kuma masu yabo ke yin kuskure mai haɗari. Wannan aiki na wanda aka horar ne, da yardar mara lafiya, bayan ciwon ya nuna ya zauna. Tara mutane kwana biyu bayan masifa a ce kowa ya faɗi abin da ya gani, a zama ɗaya, a tashi a watse, wani abu ne dabam, kuma bincike ya nuna ba ya hana firgici, har yakan ƙara wa wasu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina. A kwanakin farko abin da mutum ke buƙata shi ne wurin kwana, da labarin 'yan uwansa, da wanda zai zauna kusa da shi ba tare da ya matsa masa da tambaya ba. Akasarin mutane da wannan suke farfaɗowa.

Ga mafi yawan waɗanda nake gani, abin da ke cinsu ya fi kama da rashi da sauyin matsayi. Attajirin da ke ciyar da gida uku a Madani yau yana layin karɓar abinci, uwargida da amarya da suruka sun haɗu a ɗaki ɗaya. Akwai hanyar da aka gina musamman a kan irin wannan, wadda ke duba rasuwa, da saɓani, da sauyin matsayi, da kaɗaici, kuma ana iya yinta a ƙungiya. An gwada ta a ƙauyuka 30 na yankin Masaka da Rakai a Yuganda, maza dabam mata dabam, zama 16, kuma mutanen yankin ne suka jagoranta bayan horo na mako biyu. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna ciwon damuwa ya ragu ƙwarai. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dikson Cibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya a zama shida, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da amfaninsa. Idan aka tambaye ni inda za a sa kuɗi, a nan zan ce a sa. Muna da ungozomomi, da malaman Islamiyya mata, da dattawan unguwa waɗanda mutane suka riga suka amince da su, kuma suna jin Hausa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin tsohuwar da ke cinikin kasuwa da Larabci ba lallai ne ta iya faɗin abin da ke cin ranta da shi ba, kuma babu mai son tona cikinsa ta bakin tafinta wanda maƙwabcinsa ne.

Saura maganar malamai da ruƙiyya, wadda ita ce ta fi zafi a muhawarar. Sudan ta daɗe da ba da amsa a aikace. Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar nan, wanda ya buɗe asibitinsa a Bahri a 1949 kuma asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa na Umdurman ke ɗauke da sunansa, ya nazarci aikin shehunnan masidai, wato cibiyoyin karatun Alƙur'ani da zikiri, da na masu zar, wanda ya yi kama da borinmu, ya kuma nemi haɗin kan shehunnan maimakon gaba da su. Dakta Taha Ba'ashar ya ɗora a kan haka. A Nijeriya ma Dakta Tomas Lambo ya fara irin wannan a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda marasa lafiya ke zama da danginsu a gidajen mutanen gari. Waɗannan likitoci sun fahimci cewa malam ne mutum ke fara zuwa wurinsa, kuma addu'a da karatun Alƙur'ani suna ba mai imani natsuwa da ma'anar abin da ya same shi, abin da babu wata hanyar tattaunawa da za ta maye gurbinsa. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma ba a ce imaninsa ya yi rauni ba, saboda haka a daina gaya wa mai ciwon damuwa cewa ƙarancin tawakkali ke damunsa.

Haɗin kan yana da iyaka, kuma dole a faɗe ta. Dukan mara lafiya da sunan korar aljani, da ɗaure shi da mari, da hana shi abinci, zalunci ne ko wane ne ya yi. Mutumin da ke jin muryoyin da babu su, ko ya kwana bakwai bai runtsa ba yana surutai, ko matar da hankalinta ya juya bayan haihuwa, ko mai farfaɗiya, ko wanda ya fara maganar kashe kansa, duk waɗannan likita suke buƙata da gaggawa, kuma yawanci da ƙwayar magani. Tattaunawa kaɗai ba ta isar musu, kamar yadda tofi kaɗai ba ya isa, kuma malamin kirki shi ne wanda ya san lokacin da zai ce a tafi asibiti, ya ci gaba da addu'arsa.

Akwai kuma wurin da littattafan Turawa ba su cika yi mana daidai ba. Sun ɗauka mara lafiya zai shigo shi kaɗai ya yanke shawarar kansa, mu kuwa mace takan zo da mijinta ko yayarta, saurayi da kawunsa, kuma in ba a jawo su cikin maganin ba, gobe ba za ka sake ganin mara lafiyar ba. Duk da haka akwai maganar da ba za ta taɓa fitowa a gaban dangi ba, musamman abin da aka yi wa mata a wannan yaƙi. Abin da na ga ya fi shi ne a karɓi dangi a farkon zama, a girmama su, a ba su aikin da za su yi, sannan a roƙi su ba da wuri, kuma a tabbatar wa mara lafiya cewa abin da ta faɗa ba zai fita ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarku ta nemi likitoci da masana masu jin Hausa su riƙa bayyana waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, domin mai karatu ya san yana da haƙƙin tambayar mai yi masa magani wace hanya zai bi da shi, zama nawa za ta ɗauka, kuma da me za a gane ana samun sauƙi. 'Yan uwanmu na Makka da Jidda da ke aiko da taimako, Allah ya saka musu da alheri, su ma ina roƙon su ware wani abu domin horar da matasa da matan unguwanninmu a kan gajerun hanyoyin da aka gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irin wannan tsari mai zama biyar tun 2016, wanda aka shirya domin waɗanda ba likitoci ba, kuma abin da yake buƙata shi ne mai horarwa, da mai duba aikin lokaci-lokaci, da wanda zai mayar da shi Hausa.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Taka,
Wata mai aikin sa kai,
Gadarif, Sudan.